Yadda kifi ke girma a ƙaramin tabki

Kowane ɗan manomi ya san cira. In gero ya tsiro, a kan tarar da tsiro goma ko fi a gurbi guda. Manomi ya kan duƙa ya cire, ya bar uku masu ƙarfi. In ya ji tausayinsu ya bar su duka, ba wanda zai yi zangarniya ta kirki, don abincin da ke cikin gurbin bai ishe su ba.

Tabki ma kamar gona ya ke. Abincin da ke cikinsa yana da iyaka. In kifi ya yi yawa, kowane sai ya tsumbure. In an rage shi daidai, sauran su yi girma su yi nama.

A wannan darasi za mu tafi ƙasar Amurka, mu ga yadda manoman can ke kiwon wani kifi mai suna bas a ƙananan tabkuna. Sa'an nan mu komo gida mu duba karfasarmu.

Kifin da a ke kira bas

Asalin bas ruwayen gabas da tsakiyar Amurka ta Arewa ne. Bayansa kore ne, cikinsa fari, yana da zane mai duhu daga kai har wutsiya. Bakinsa babba ne ƙwarai, har ya wuce saitin idonsa. Maharbi ne kamar giwan ruwa, sai dai bai kai shi girma ba. Yawancin waɗanda a ke kamawa ba su wuce rabin kilo zuwa kilo 2 ba. A shekara ta 1932 wani manomi mai suna George Perry ya kama ɗaya mai kilo 10 da ɗan ɗori a jihar Jojiya. Har yau masunta na can ba su manta da wannan kifi ba.

Manoman Amurka su kan datse ƙorama su tare ruwan sama, don shayar da shanu da ban ruwa. Irin waɗannan ƙananan tabkuna sun fi miliyan biyu a ƙasar. Da yawa a cikinsu ba su kai hekta ɗaya ba. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A cikinsu ne a ke zuba bas.

In sanyi ya wuce, ruwa ya fara ɗumi, ya kai wajen digiri 18, sai bas ya yi ƙwai. Namiji ne ke share wuri a gefen tabki inda ba zurfi. Ya kan kaɗa wutsiya har ya yi ɗan rami kamar faifai. Mace ta zo ta zuba dubban ƙwai, ta tafi abinta. Namijin ya tsaya gadi, yana korar duk wanda ya matso, har ƴaƴa su fito su fara iyo.

Da fari ƴaƴan su kan ci ƙananan halittun ruwa. Daga nan su koma cin ƙwari. In tsawonsu ya kai wajen santimita 5, sai su fara haɗiye ƴaƴan wasu kifaye. Babban bas kuwa yana cin kifi, da kwaɗi, da duk wani abu mai motsi da bakinsa zai ɗauka.

Yaya a ke sanin shekarun kifi?

Girman kifi ba ya nuna shekarunsa. Ana iya samun bas biyu masu tsawo ɗaya, wannan shekararsa 2, wancan shekararsa 6. To, yaya a ke ganewa?

A kan cire ɓawo guda daga jikin kifin, a duba shi da madubi mai ƙara girman abu. Ɓawon yana da zobba, wani cikin wani, kamar na gindin icce da aka sare. Lokacin zafi kifi yana ci sosai, yana girma da sauri, sai zobban su yi nisa da juna. Lokacin ɗari ya kan rage ci, girma ya tsaya, sai zobban su matsu wuri guda. Kowane matsi shekara guda ke nan. In ka ƙirga matsi huɗu, kifin ya ga ɗari huɗu.

Abin da ke sa bas girma

Na farko zafin ruwa. Jikin kifi ba shi da ɗumin kansa irin namu. In ruwa ya yi sanyi, jikinsa ya yi sanyi, ya kasa cin abinci sosai. A arewacin Amurka, inda tabki ke daskarewa da ɗari, bas ya kan yi shekara 3 ko 4 kafin tsawonsa ya kai santimita 30. A kudu kuwa, inda zafi ke daɗewa, ya kan kai haka cikin shekara 1 ko 2. Macen bas ta fi namiji girma. Kusan duk manyan da a ke kamawa mata ne.

Na biyu abinci. Abincin tabki hawa-hawa ne, kamar tsani. A ƙasa akwai ƙananan tsirrai waɗanda ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Su ne ke mai da ruwa kore. Suna rayuwa da hasken rana da takin da ke cikin ruwa. Ƙananan halittu su ci tsirran. Ƙwari da tsutsotsi su ci ƙananan halittun. Ƙaramin kifi ya ci ƙwarin. Bas ya ci ƙaramin kifin. Mutum kuma ya ci bas.

A kowane hawa abinci yana raguwa, don yawancin abin da dabba ta ci yana ƙarewa wajen iyo, da numfashi, da neman wani abincin. Kafin bas ya ƙara kilo 1 na nama, sai ya ci wajen kilo 10 na ƙananan kifaye. Ku riƙe wannan lissafi da kyau.

Na uku yawan masu ci. Wannan shi ne abin da mai tabki ya fi iko da shi. Ba zai iya ƙara wa rana zafi ba, amma yana iya rage kifi.

Tabki yana da iyaka

Akwai nauyin kifin da kowane tabki ke iya ciyarwa. In ya kai nan, ba ya wucewa. A kudancin Amurka tabki mai hekta ɗaya wanda ba a sa masa taki ya kan ɗauki kilo 100 da ɗan ɗori na kifi duka. In ana sa masa taki, ya kan ɗauki ninki uku ko huɗu na wannan. Amma ko da takin, iyaka tana nan.

Mu yi misali. A ce abincin wani tabki ya isa ya ciyar da kilo 50 na bas. In bas 50 ne a ciki, kowane zai iya kai kilo 1. In 100 ne, kowane rabin kilo. In 200 ne, kowane giram 250, yawancinsa kai da ƙaya. Nauyin duka bai sake ba, kilo 50 ne. Abin da ya sake shi ne rabon kowane kifi. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Aikin malam Swingle

Da aka fara gina irin waɗannan tabkuna, manoma su kan zuba duk kifin da su ka samu. Bayan shekara biyu ko uku sai tabki ya cika da ƴan mitsi-mitsin kifi da ba su ciyuwa. Wani malami mai suna Homer Swingle ya yi niyyar gano dalili. Tun daga shekarun 1930, shi da abokan aikinsa su ka gina tabkunan gwaji masu yawa a garin Auburn, cikin jihar Alabama. Su kan zuba kifi a ƙirge. Bayan wani lokaci su zubar da ruwan, su ƙirga kifin, su auna shi a sikeli, su rubuta. Haka su ka yi ta yi shekara da shekaru.

Sun gane kifi iri biyu ne su ka fi dacewa da zama tare: bas da wani ɗan kifi mai suna bulugil. Bulugil mai faɗi ne kamar tafin hannu, ya ɗan yi kama da karfasa. Ƙwari ya ke ci, kuma ya kan yi ƙwai sau da yawa cikin watannin zafi. Saboda haka kullum bas yana samun ƴaƴan da zai ci. Shi kuma bas, da ya ke rage su, sauran bulugil su kan sami abinci su girma su isa ci. Watau bas shi ke yi wa bulugil cira.

A shekara ta 1950 malam Swingle ya buga abin da ya gano. Ya nuna tabki ya fi kyau in nauyin kifin da bas ke ci ya ninka nauyin bas sau 3 zuwa 6. In akwai kilo 50 na bas, ya kamata a sami kilo 150 zuwa 300 na bulugil.

Har yanzu a kan wannan aiki a ke dogara in za a zuba kifi a sabon tabki. A kan sa ƴaƴan bulugil 10 ga kowane ɗan bas guda. A tabki mai hekta ɗaya da a ke sa wa taki, bulugil 2.500 ke nan da bas 250. Bulugil a ke fara zubawa da kaka. Sai bayan wasu watanni, in sanyi ya wuce, a kawo bas. Ka ga baƙo bai iso ba sai da tuwo ya nuna.

Hanya biyu da tabki ke lalacewa

Ta farko, bulugil ya yi yawa. Wannan ya kan faru in masunta su ka kwashe manyan bas tun da wuri. Ba sauran mai rage ƴaƴan bulugil. Sai su cika tabki, su cinye ƙwari, su tsumbure, tsawonsu bai wuce santimita 8 zuwa 12 ba. Yunwa ta sa su faɗa wa ƙwan bas, har namijin da ke gadi ya kasa korarsu. Sai a yi shekara ba sabon bas ko guda. Yawan ciyawa cikin ruwa ma ya kan kawo haka, don ƴaƴan bulugil suna ɓuya ciki, bas ba ya isa gare su.

Ta biyu, bas ya yi yawa. Tun daga shekarun 1970 masu kamun kifi don nishaɗi a Amurka su ka saba da sakin bas bayan sun kama shi. A babban tabki inda masunta ke da yawa, wannan al'ada tana da amfani. A ƙaramin tabki kuwa ta kan jawo cunkoso. Bas su yi ta haihuwa ba mai rage su. Su cinye ƴaƴan bulugil tun suna ƙanana. Sai ka ga bas mai shekara 5 ko 6, tsawonsa bai wuce santimita 25 ko 30 ba, ga ƙaton kai, ga jiki a rame. Mai tabki yana tsammani yara ne, yana jira su girma, alhali tsofaffi ne da yunwa ta hana girma.

Yadda a ke duba tabki

Ba sai an zubar da ruwa ba. Malam Swingle ya koya wa manoma wata dabara mai sauƙi. Lokacin zafi mutum biyu su kan ja ɗan taru mai ƙananan idanu, mai tsawon mita 4 ko 5, a gefen tabki, wuri uku ko huɗu. Sa'an nan a duba abin da ya fito.

In an ga ƴaƴan bas na bana, da sababbin ƴaƴan bulugil, da matsakaitan bulugil kaɗan, tabki lafiya lau.

In an ga matsakaitan bulugil tuli, ba ɗan bas ko ɗaya, bulugil ya yi yawa.

In an ga sababbin ƴaƴan bulugil amma kusan ba matsakaita, kuma bas da a ke kamawa duk ramammu ne, bas ya yi yawa.

Kowace cuta da maganinta. In bas ne ya yi yawa, a kama ƙananan a kai tukunya, a bar manyan. In bulugil ne, a rage shi da taru, a cire ciyawa, a dakatar da kamun bas, ko a ƙaro manyan bas daga waje. In abu ya ɓaci sarai, a zubar da ruwan a sake sabon zubi.

Ko tabki yana lafiya, ba a barinsa haka nan. A tabkin da a ke sa wa taki, ana ba da shawara a cire wajen kilo 30 na bas a kowace hekta duk shekara, tare da kilo 4 ko 5 na bulugil ga kowane kilo na bas. Mai tabki ya kan ajiye littafi, ya rubuta tsawo da nauyin abin da aka kama. In ya ga bana kifi ya fi na bara ramewa, ya san lokacin cira ya yi.

Mu komo gida

Babu bas a ruwayenmu. Amma wannan matsala ta cunkoso mun san ta, don haka karfasa ke yi.

Karfasa uwa ce mai kula. Ta kan ɗauki ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe. In ƴaƴan su ka ga hatsari, su ruga su koma bakinta. Saboda haka da yawa a cikinsu suna tsira. A ƙaramin tabki karfasa ta kan fara ƙwai tana da wata 5 ko 6, tun ba ta kai tafin hannu ba, kuma ta yi ta maimaitawa muddin ruwa na da ɗumi. Ƙasarmu kuwa ƙasar zafi ce. Kafin shekara ta kewayo, ramin kiwo ya cika da ƴan karfasa kamar yatsu. Ba mai saye a kasuwa, ba su cika tukunya a gida. Wahalar wata da watanni ta tashi a banza.

Masu kiwon kifi suna da dabaru. Wasu su kan ware maza zalla su zuba, don namijin karfasa ya fi mace saurin girma, kuma ba mai haihuwa. Wasu su kan sa maharbi kaɗan a ciki, kamar tarwaɗa ko giwan ruwa, ya riƙa rage ƴaƴan. Wannan shi ne aikin da bas ke yi wa bulugil. Sai dai a kula, maharbin ya zama ƙarami lokacin zubi, don kada ya haɗiye iyayen. Wasu kuma su kan kwashe ƙananan da taru a kai a kai, ko su kama kifin duka bayan wata shida su sake zubi.

Taki ma sai da awo. Kashin shanu ko na kaji kaɗan yana sa ruwa ya yi kore, abinci ya ƙaru. Ka sa hannunka cikin ruwa har gwiwar hannu. In kana ganin yatsunka sarai, taki ya yi kaɗan. In tafinka ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu ba, taki ya yi yawa, a dakata. Yawan taki yana cinye iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa. Alamarsa ita ce ka ga kifi da asuba ya taso sama yana buɗe baki.

Muna da manyan tabkuna inda a ke su, kamar na Madarunfa, da na Tabalak, da na Gidimuni. Ma'aikatan gandun daji su kan zuba kifi a tabkunan ƙasa, su kuma tsara lokacin su tare da sarkin ruwa da masunta. A irin waɗannan wurare masunta suna da yawa, don haka abin tsoro shi ne a kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba. Shi ya sa a ke hana taru mai ƙananan idanu, a ke kuma rufe su na wani lokaci. A ramin kiwo a kan rage ƙanana don sun yi yawa. A babban tabki a kan bar ƙanana don su girma su haihu. Manufa ɗaya ce: yawan kifi ya yi daidai da abincin ruwan.

Gargaɗi

Kada wani ya ce a kawo mana bas. Maharbin da aka kai ruwan da ba nasa ba ya kan yi ɓarna. An kai bas ƙasar Japan a shekara ta 1925. Ya bazu cikin tabkuna, ya rage kifayen ƙasar ƙwarai, har a shekara ta 2005 doka ta hana kiwonsa da kai shi wani ruwa. Giwan ruwa ɗan gida ne a kogin Kwara da tabkin Cadi. Amma da aka zuba shi a tabkin Biktoriya, a gabashin Afirka, cikin shekarun 1950, ƙananan kifaye iri-iri masu yawa su ka ɓace. Kafin a ɗauki kifi daga wani ruwa zuwa wani, a tambayi ma'aikatan gandun daji.

Mu riƙe

Kowane tabki yana da iyakar nauyin kifin da zai ciyar.
In kifi ya yi yawa, ya kan tsumbure.
Maharbi kaɗan yana taimakon sauran kifi su girma.
Mai tabki ya riƙa dubawa, yana aunawa, yana ragewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa manomi ke yin cira? Ta ina kiwon kifi ya yi kama da noman gero?
2. Yaya a ke gane shekarun kifi?
3. Me ya sa bas na kudancin Amurka ya fi na arewa saurin girma?
4. Ku jera hawan abincin tabki daga ƙasa har sama.
5. Me ke faruwa in an kwashe manyan bas daga tabki?
6. Ku faɗi dabaru uku na hana karfasa tsumburewa.

Lissafi

1. Wani tabki yana iya ciyar da kilo 60 na karfasa. In karfasa 240 ce a ciki, giram nawa kowace za ta kai? In 1.200 ce fa?
2. Bas 40 ne a wani tabki. Ana so kowane ya ƙara rabin kilo. Kilo nawa na ƙananan kifaye za su ci?
3. Za a zuba bas 125 a sabon tabki. Bulugil nawa za a fara zubawa?

Aiki

Ku je wurin wani masunci ko mai sai da kifi, ku gaishe shi da ladabi. Ku tambaye shi sunayen kifayen da a ke samu a yankinku, da waɗanda ke cin ƴan uwansu. Ku roƙi ɓawon karfasa guda, ku wanke, ku ɗaga shi wajen haske ku duba zobbansa. Ku zana abin da ku ka gani a littafinku, ku kawo wa malam.